Datar anlimited ce amma tana rarrafe bayan isha'i, kamfani ne ke shaƙe ni?

Ɗan_Gwallameji:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar netwok ku taimaka min. Na sayi rauta na saka tsarin nan na wata da suke cewa anlimited, da rana lafiya lau, amma da zarar an idar da isha'i ko bidiyon minti biyu sai ya yi ta juyawa, kiran waya kuma garau yake fita, da asuba komai ya dawo daidai. Kamfanin ne ke rage min gudu da gangan? Kuma in har suna iya yin haka ashe kenan suna kallon duk abin da nake yi ko?

Mai_Gyaran_Rauta:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Na farko cunkoso. Ƙarfen sabis ɗin unguwarku yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wanda ke kansa da shi ake rabawa, kamar famfon unguwa ne ranar da aka sako ruwan Gubi, kowa ya buɗe nashi sai ƙarfin ruwan ya ragu. To kai kuma Gwallameji kake, ɗaliban Federal Poly sun cika ko'ina, da daddare kowa na TikTok ko kallon ƙwallo. A 4G akwai manhaja cikin na'urar ƙarfen da ke sake rabon nan sau 1,000 a daƙiƙa guda, tana duba wa ke jira da kuma ƙarfin siginar kowa, don kar mutum ɗaya mai sauke fim ya cinye na sauran. Kira kuwa ko dai a ba shi gaba a layi, ko wayar ta sauka 3G ko 2G ta yi shi, don murya ba ta jure jinkiri, shi ya sa kake jin sa garau.

Na biyu shi ne FUP, sharaɗin da ke cewa in ka ci giga kaza a wata za a rage maka gudu har ƙarshen tsarin. Bambance su ba wuya, wanda FUP ya kama gudunsa tsayawa yake a lamba ɗaya dare da rana. Tunda naka na dawowa da asuba, cunkoso ne.

Baban_Ilham:
Injiniya ka yi bayani amma fa kamar kana wanke su. Waye ya ce su yi ta sayar da layi da rauta fiye da abin da ƙarfen zai ɗauka? A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince musu ƙarin kuɗi har kashi 50, mun biya ba don muna so ba, sannan a ce min in yi haƙuri ɗalibai na kallon ƙwallo. Kuma wlh kiran abu anlimited alhali akwai iyaka a ɓoye cikin ƙananan rubutu ni ban ga adalci ciki ba.

Mai_Gyaran_Rauta:
A nan kam ina tare da kai yallaɓai. Rabon gudu lokacin cunkoso dole ne, ba don shi ba da mai POS ma ba zai iya tura dubu biyu ba, amma in unguwa kullum a cushe take to maganin shi ne a ƙara ƙarfe ko a jawo faiba, ba wai a yi ta rabon talauci ba. Kuma a ganina adalcin biyu ne, a faɗa maka sharaɗin ƙarara kafin ka biya, sannan kar a zaɓi wata manhaja a danne ta don a tura ka wata. Ƙa'idojin intanet da NCC ta fitar a 2019 sun taɓo wannan batun na bayyana yadda ake tafiyar da zirga-zirgar data. Ka fara kai ƙorafi wurin kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in sun yi maka shiru ka kira 622, layin ƙorafin NCC, kyauta ne.

Maman_Hanif:
Ni ɗaya tambayar ta Ɗan_Gwallameji ce ta dame ni, ina POS a Wunti, duk hada-hadata ta waya ce. Suna ganin fin ɗina da saƙonnina kenan?

Mai_Gyaran_Rauta:
A'a Hajiya, kwantar da hankalinki. Manhajar banki da duk shafin da ya fara da https a kulle suke tura bayanai, WhatsApp ma haka. Abin da kamfani kan iya gani shi ne inda kika shiga, yaushe, da yawan datar da ta wuce, ba abin da ke ciki ba. Da wannan ɗin ne suke gane misali wata na'ura ta kamu da bairos tana ta watsa saƙonnin banza, ko an tara dubban kwamfutoci ana yi wa wata saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ruwan buƙatu don ta faɗi, sai su tare. Da shi ne kuma ake iya rufe shafi gaba ɗaya, kin tuna Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, umarnin gwamnati ne kamfanoni suka bi. Sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a kansu. Amma SMS ba shi da irin wancan kullin, kar ki tura fin ta nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kwashe wa kuɗi kiransu ake yi a yaudare su su karanto OTP, lambar sirrin nan da banki ke turowa, da bakinsu.

Ɗan_Gwallameji:
Allah ya saka da alheri yaya. Wani abokina ya ce in saka VPN gudun zai dawo, gaskiya ne?

Mai_Gyaran_Rauta:
VPN zai ɓoye wa kamfani shafin da ka shiga amma ta ƙarfen nan dai datar za ta bi, wani lokacin ma ya ƙara nauyi, kuma na kyautan nan ba ka san wa ka miƙa wa sirrinka ba. Ka ɗora rautar a taga ta ɓangaren da ƙarfen yake, ka canza fasuwod ɗin da ta zo da shi, manyan abubuwa kuma ka bari sai bayan ƙarfe ɗayan dare ka sauke.