Neman shawara: ina son karɓar wani ramammen kare mai tsoron mutane domin gadin gona

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da gonar kiwon kaji a bayan Bukuru, kan hanyar Vom, kuma na daɗe ina neman karen da zai taimaka wa mai gadina da dare. Wani abokina ya kai ni wurin wasu matasa masu tattara karnukan da aka yasar, suna kula da su har a sami mai karɓa, a can kuma na ga wanda ya tsaya mini a rai. Karen gida ne, namiji, ana ƙiyasta shekarunsa biyu. An same shi ɗaure da sarƙa a wani gida da masu shi suka tashi suka bar shi, kuma bai daɗe a hannun matasan ba. Nauyinsa kilo 11 ne, alhali sun ce kare mai tsayinsa ya kamata ya kai 17 ko 18. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, gashi ya zube a gefen kunnuwansa da gwiwoyinsa, akwai kaska a jikinsa, kuma ba wanda ya san ko an taɓa yi masa allurar rigakafi. Idan mutum ya matso sai ya maƙure a lungu, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce masa. Bai ciji kowa ba, amma ya yi wa ɗaya daga cikinsu gurnani da ya kai hannu wuyansa.

Mai gadina ya ce a kawo shi kawai, ya cika shi da tuwo da romo, ya ɗaure shi a ɗaki mai duhu, nan da wata guda zai yi ƙiba ya yi zafi. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Ina son sanin yadda ake ciyar da irinsa, da ko zai taɓa iya gadi, da ko akwai haɗari ga yarana da ke zuwa gonar a ƙarshen mako, sannan da matsayin ajiye shi a addini.

Wani dattijo, tsohon mafarauci:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni dai da za ka ji ta tawa da ka nemi kwikwiyo ka rene shi da hannunka. Na yi kiwon karnuka tun ina saurayi, kuma abin da na gani shi ne karen da aka karya wa zuciya yana ƙarami da wuya ya tsaya gaban baƙo, sai dai ya gudu ko ya yi cizo daga baya ba tare da haushi ba. Idan kuwa tausayi ya riga ya kama ka, to mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, kuma ka hana mai gadinka ɗaga masa sanda ko da wasa.

Likitan dabbobi:

Alhaji, kafin maganar gadi akwai abin da ya fi gaggawa, domin shawarar mai gadinka ta cika shi da abinci tana iya kashe shi a makon farko. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yana ƙarar da ajiyarsa ta wasu sinadarai, musamman fosfet da fotasiyam da magniziyam. Idan aka auka masa abinci mai yawan sitaci irin tuwo ko shinkafa, sinadarin insulin yana tashi ya janye ɗan abin da ya rage daga cikin jini zuwa ƙwayoyin jiki, sai ka ga kasala, da rawar jiki, da bugun zuciya marar tsari, wani lokaci har mutuwa, a daidai lokacin da mai shi ke murna yana cin abinci. Kamar mai buɗa baki ne bayan dogon azumi, wanda ake fara ba shi ruwa da dabino kafin a kawo tuwo, sai dai shi wannan buɗa bakin nasa zai ɗauki kwanaki.

Kare mai kilo 11 yana buƙatar kalori kimanin 420 a yini idan yana kwance ba ya aikin komai. A kwanakin farko kashi ɗaya cikin uku na wannan za a ba shi, a raba sau huɗu zuwa shida, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai cikakken adadin cikin kamar mako guda, daga nan ne ake fara ƙarin da zai sa ya mayar da jiki. Abincin ya fi karkata ga nama da mai fiye da sitaci: dafaffen ƙwai, naman kaza da aka cire wa ƙashi, 'yar shinkafa kaɗan, ko abincin kwikwiyo na kanti idan da hali. Tunda gonar kaji gare ka, ƙwai ba zai yi maka wuya ba, amma kada a ba shi mushen kaza, kuma kada a ba shi ɗanye, domin bayan ƙwayoyin cuta za ka koya masa abin da zai dame ka a akurki daga baya. Ragowar miya ba ta dace da shi ba saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, shi kuwa da alama jinin ma bai ishe shi ba. Madara tana iya sa manyan karnuka da yawa zawo, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, inabi da zabibi suna lalata ƙoda, cakulan guba ne gare su. Ruwa mai tsabta kuwa ya kasance a gabansa dare da rana.

Kada kuma a ɗauka cewa yunwa kaɗai ce ta ramar da shi. Ranar da za ka ɗauko shi, ka wuce da shi asibitin dabbobi kafin gona, kuma ka yi sa'a kana kusa da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Idan fari ne fat maimakon ja-ja, jininsa ya yi ƙasa. A gwada kashinsa saboda tsutsar ciki, musamman wadda ke maƙale wa hanji tana tsotsar jini. A gwada jininsa saboda cututtukan da kaska ke sawa, wato babesiya da erlikiya, waɗanda suka yi yawa a karnukanmu. Ita erlikiya maganinta na doksisaikilin yakan ɗauki kwana 28, kuma masu karnuka da yawa suna dainawa da zarar sun ga sauƙi, sai cutar ta dawo. Zubar gashin kunne da gwiwa tana kama da ƙazuwa, wadda sai an kankari fata an duba a madubin likita ake tabbatarwa, kuma wani nau'inta yana kama mutane. A duba wuyansa da kyau, domin ina zargin sarƙar ta ji masa ciwo a ƙarƙashin gashi, wataƙila ma shi ya sa ya yi gurnani da aka kai hannu wurin.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada kowa ya ba shi farasitamol ko ibuprofen, kuma kada a ɗebi allurar ivermectin ta shanu a yi masa da ƙiyasi, ko a wanke shi da maganin feshin gona don kashe kaska. Ramammen kare ba ya jure abin da lafiyayye zai jure.

Wata 'yar'uwa daga Abuja:

Na goyi bayan Likita, zan kuma ƙara da ɓangaren ɗabi'a, domin na taɓa karɓar karya mai irin wannan hali. Baba ya yi gaskiya cewa mutum ɗaya ya kamata ya riƙa ciyar da shi, amma ban yarda cewa irinsu ba sa farfaɗowa ba. Suna farfaɗowa, sai dai a nasu lokacin, kuma wanda ya fi gaggawa shi ne yake jinkirta abin.

A tanadar masa wuri mai inuwa da shinge, da ɗan ɗaki da zai shige ya ɓuya idan ya ga dama, kuma doka ita ce idan ya shiga ciki ba mai jawo shi. Ƙasan ya zama siminti ko katako da tsohon bargo, saboda sanyin Filato yana ratsa karen da ba shi da kitse, sannan yashin da fitsari ya jiƙa shi ne inda wani ƙuda ke yin ƙwai, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi ƙurji. Wanda zai ciyar da shi ya ajiye kwano ya ja da baya ya zauna a kaikaice, ba ya kallon ƙwayar idonsa, ba ya miƙa hannu ta saman kansa. Bayan wasu kwanaki sai ya fara jefa masa 'yar tsokar nama daga nesa, yana rage tazarar a hankali, har karen da kansa ya zo ya sansana shi. Idan kun ga yana lasar leɓe, ko yana hamma ba barci ba, ko ya juya kai farin idonsa ya bayyana, to an matsa masa, a ja baya.

Gurnani kuwa kada a taɓa dukansa a kai. Gargaɗi ne yake yi, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne wanda ke cizo ba zato. Tunda wuyansa ne wurin da ya sha wahala, a yi amfani da ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya idan lokacin fita da shi ya yi, kuma a tabbata shingen ba shi da kafa, domin tsoratattun karnuka sun fi ɓacewa a kwanakin farko, kuma ba sa amsa kira.

Likitan dabbobi ya ƙara da cewa:

Hajiya ta rage mini aiki. Game da yara, Alhaji, amsata ita ce kada su kusance shi tukuna, su tsaya bayan shinge, kuma ko daga baya kada a bar su da shi ba babba a wurin. Dalilin ya wuce tsoronsa. Ba mu san tarihinsa ba, ciwon haukan kare kuwa yana iya ɓoyewa makonni ko watanni kafin ya bayyana, kuma da zarar alamu sun fito a jikin mutum kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ne ke mutuwa da shi a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Likitan da ya duba shi zai tsayar da ranar allurar haukan kare da ta haɗakar sauran cututtuka irin su fabo da distemfa, bisa ga ƙarfin jikinsa, sannan a ba ka katin shaida ka adana. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma killace karen ana lura da shi kwana 10. Maganin gargajiya ba ya maye gurbin allurar da ake yi wa wanda aka ciza. Idan akwai wasu karnuka a gonar, a raba su da shi na aƙalla mako biyu. Fiɗiya kuma a bar ta sai ya mayar da jiki.

Maganar ɗaki mai duhu, ban san daga inda wannan al'ada ta samo tushe ba, amma abin da take haifarwa shi ne karen da ba ya bambanta ɓarawo da ɗan mai gida.

Wani malami:

Allah ya saka wa Likita da alheri. Ta fuskar shari'a, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, in ban da karen farauta ko na kiwo ko na gona, kuma naka yana cikin waɗanda aka keɓe. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da wannan idan akwai buƙata, har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa saboda tsaro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, shi da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Shafi'iyya kuwa suna ganin najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Ka keɓe masa kwanonsa, ka bar shi a wajen ɗakin kwana da wurin salla. Sannan ka sani cewa da zarar ka karɓe shi cinsa da shansa da maganinsa sun hau kanka, domin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana nan, kamar yadda na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare yake nan.

Tsohon mafarauci ya sake magana:

Na ji bayanin Likita da na 'yata daga Abuja, kuma ban musa ba. Amma har yanzu ba wanda ya ce wa yaron nan karen zai yi gadi.

'Yar'uwa daga Abuja:

Baba, ba wanda zai iya yi masa wannan alkawari. Tawa ta yi watanni kafin na ji haushinta na farko, kuma har yau tana ɓuya idan baƙon namiji ya shigo, amma ko akuya ta taɓa ƙofa da dare sai ta tashe mu. Idan abin da Alhaji ke nema shi ne mai tayar da mai gadi, akwai kyakkyawan zato. Idan kuwa mai tunkarar ɓarawo yake so, ya nemi wani, ya bar wannan ga wanda zai riƙe shi ko bai yi aikin komai ba.

Mai tambaya:

Na gode muku ƙwarai, Baba da Likita da Hajiya da Malam. Mai tayar da mai gadi ya ishe ni, domin ba na son karen da zai yaga mutum a gonata. Na yi magana da matasan, sun yarda su riƙe shi har in gama shinge da ɗakinsa, kuma na tura musu bayanin Likita a kan rarraba abinci don su fara tun yanzu. Mai gadin nawa bai gamsu ba tukuna, saboda haka ƙanena da ke kwana a gonar ne zai riƙa ciyar da shi. Likita, idan gwajin jinin ya nuna erlikiya, ana fara maganin nan take ne, ko sai cikinsa ya saba da abinci?