Na ƙera wa Suzuki jiki da hannuna a Tawa, wane moter zan sa mata?

Mai Walda na Tawa

Assalamu alaikum. Sana'ata walda ce a nan Tawa: ƙofofi, tagogi, amalanke. Na sayi wata tsohuwar Suzuki SJ410 da ta kife, jikin duk ya lotse, amma shasi da pon biyu (ƙarafan da ke ɗauke da tayoyin gaba da na baya) da ƙaramin bwat na kat-kat (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu) lafiyarsu lau. Na sauke jikin gaba ɗaya, na ƙera mata wani da bututun ƙarfe da tol, kujera biyu a gaba, baya a buɗe don kaya.

Damuwata moter, wato inji. Na asalinta ne, F10A, cc 970, ƙarfin doki 45 tun yana sabo, balle yanzu. A kan gudron daga Tawa zuwa Tabalak tana tafiya daidai gwargwado. Amma da na sauka na shiga yashin hanyar garka da buhu uku na albasa, sai ta fara nishi ko a bites (giya) na biyu, allurar zafi kuma ta kama hawa.

Abu uku ke gabana: moter 1.3 na Suzuki SJ413, ko 1.6 na Suzuki Vitara, ko na gazuwal 1.9 na Peugeot 405 da wani abokina ya ce zai bar mini da sauƙi. Raina ya fi kwantawa da na gazuwal saboda ba ya shan mai. Masu sani, ku ba ni shawara.

Tsohon Bakanike, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a hannu. Amma kafin ka taɓa aljihu, ka kai motar a auna nauyinta. Suzukin nan da jikinta na kamfani ba ta kai tan ɗaya ba, ku kuwa masu walda ba ku yarda da ƙarfe mara kauri. Ina zargin jikin da ka yi ya fi na asali nauyi nesa ba kusa ba. Ka ƙara buhu uku, kowane ya haura kilo 100, ga kai, ga yaron mota. Jaki ne ka ɗora wa kayan raƙumi, ba laifinsa ba ne in ya durƙusa.

In ni ne, 1.3 zan ɗauka, wato G13A, cc 1324, doki sittin da ƴan kai. Jikinsa na alminiyom ne, don haka gaban motar ba zai yi nauyi ba, kuma karbirater ne, duk bakaniken da ke tsakanin Tawa da Abalak zai iya kwance shi a gindin bishiya. Sharaɗi ɗaya: ka saye shi tare da bwat ɗinsa mai bites biyar, da demarer mai tayar da shi, da alternater mai cajin batir, da ambiriyaj, wato kuloci. Kar ka yarda a ce maka za a haɗa shi da tsohon bwat naka, ramukan ba su dace ba.

Sa'ar da ka yi ita ce a wannan motar ƙaramin bwat na kat-kat zaman kansa yake, ba a manne yake da babban ba, wani gajeren kardan, wato sandar ƙarfe mai juyawa, shi ya haɗa su. Shi kaɗai za ka gyara wa tsawo, sai ƙafafun moter, sai ka matsar da radiyater gaba kaɗan. Masu SJ410 ta kamfani suna shan wahala a nan don wurin ya matse, har sai sun yanka. Kai da ka ƙera gaban da kanka, ba abin da zai tare ka.

Na Vitara, G16A mai bawul 8, cc 1590, shi ma yana shiga, sai dai ya fi tsayi, yana son faifan ƙarfe tsakaninsa da bwat ɗin SJ413, kuma ka duba karter, wato kaskon mai na ƙasan moter, kar ya riƙa dukan pon na gaba idan ka faɗa rami. Mai bawul 16 kuwa, wanda kwamfuta ke ba shi mai, ka bar wa masu kuɗin kiran mai lantarki daga Yamai.

Direban Konni

Baba, da girmanka, amma ban yarda a kore gazuwal haka ba. Moter 405 ɗin nan, wato XUD9, cc 1905, ai ba a yi masa shaidar banza ba, ya yi aiki a 405 da 306 da Citroën BX. Kuma ba haukan ƴan garaji ba ne sa shi a Suzuki: kamfanin Santana na Spaniya ya fitar da Samurai da moter Peugeot 1.9 na gazuwal daga masana'anta. A yashi ƙarfin ja daga ƙasa ake so, ba gudu ba, kuma nan gazuwal ya fi esans. Ba buji, ba delko mai raba musu wuta, ka tsallaka kwari da ruwa a damina bai mutu ba.

Tsohon Bakanike, Yamai

Gaskiyarka, Santana sun yi. Amma su da injiniyoyi da injin sassaƙa ƙarfe suka yi, suka ƙera mahaɗin bwat da ƙafafu da sifirin da za su ɗauki nauyin. Na 405 a kwance yake ta faɗin mota, tayoyin gaba yake ja. Kafin ya zauna ta tsawo sai an yi masa mahaɗi wanda tsakiyarsa ta yi daidai da ta bwat, in aka kuskure ko da kaɗan zai riƙa cin ambiriyaj. Jikinsa baƙin ƙarfe ne, mai nauyi, a kan ƙananan sifirin SJ410. Ga pon ɗin nan, sandunan cikinsa sirara ne, don doki 45 aka yi su. Ka ba su jan gazuwal da kaya a baya cikin yashi, mahaɗin tayar gaba ne zai fara fashewa. Sannan in kuruwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul, ta tsinke a XUD, fistan zai daki bawul, sau da yawa har sandar kam ta karye. Moter mai sauƙin kuɗi ne, haɗa shi ne ba sauƙi.

Sai maganar zafi, wadda ta fi damuna, don ko wane ka sa, watan Afrilu da Mayu na jiran ka, lokacin da Tawa ke haura digiri 40 a inuwa. Turo mana hoton gaban motar. Masu ƙera jiki da yawa suna rufe gaba don kyau, su bar ƴar taga. A cikin yashi ba gudu kake ba, iska ba ta shigowa da kanta, fanka ce kaɗai ke ja. Dole a yi mata rumfa da za ta kewaye ta har jikin radiyater, in ba haka ba ta gefe za ta riƙa jan iska. Ka sa sabon murfin radiyater, don matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ruwan rijiya kuma ka rabu da shi, yana toshe bututu yana cin alminiyom, ka sayi na gora mai launi. Za a ce maka ka cire termosta, mai buɗe wa ruwa hanya idan moter ya yi zafi. Ni ban cirewa, in ya lalace sabo nake sawa. Matatar iska ka ɗaga bakinta sama, nesa da ƙurar taya.

Hajiya Mai Asirans

Ni ba bakanikiya ba ce, a ofis nake. Malam, kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar mota, an rubuta irin man da motar ke sha da ƙarfinta, kuma da ƙarfin ake lissafa kuɗin asirans. In takarda ta ce esans, jandarma ya buɗe ya ga gazuwal, kai da shi ne a bakin hanya. In kuma aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, kamfani na iya cewa ba wannan motar ya ɗauka ba. Ka karɓi rasit mai lambar moter daga wanda ya sayar maka. Lambar shasi kuma kar walda ko fenti su taɓa ta. Tunda jikin ma ba na asali ba ne, ka je wurin masu bizit teknik, wato masu duba lafiyar mota, ka tambaya tun kafin ka kashe kuɗi.

Mai Walda na Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Direba ka yi haƙuri, na bar gazuwal, abokina ya nemi wani. Baba, gaban nawa raga ce ta ƙarfe amma tayar sukur, wato ta ajiya, a jikinta na ɗaure, zan mayar da ita baya. Ina shirin zuwa Yamai bayan an kwashe albasa. A kasuwar Katako zan nema ko a Feray, kasuwar tsofaffin kayan mota? Kuma yaya zan gane mai lafiya tunda a ƙasa zan same shi?

Tsohon Bakanike, Yamai

Fara da Feray, Katako ka je don ƙarfe da tol. Ka zo da batir da galan ɗin esans, a tayar da shi a gabanka yana sanyi. Hayaƙi shuɗi, sigima, wato zoben fistan, sun ƙare. Buɗe murfin man moter, in ka ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, ka wuce. A cire buji huɗun a auna matsi, su zo kusa da juna. Kuruwa da pompin ruwa ka canza su tun yana ƙasa. Sannan ka leƙa birkinka: SJ410 na farko-farko birki mai tambur ne, ba mai diski ba, gaba da baya. In naka haka yake, ka nemi pon ɗin gaba mai diski a wannan zuwan, ka tabbata haƙoransa sun yi daidai da na baya kafin ka biya.