Bait 4 da suka raba kan zaure

ƊanƘofarSauri: Jama'a na gaji wallahi. Direban Linux (manhajar da ke sarrafa na'ura) da na rubuta wa na'urar auna wutar sola yana tafiya lafiya da manhajar 64-bit, amma ta 32-bit na kiran ioctl (hanyar aika wa direba umarni) sai kanel, zuciyar Linux, ya ce ENOTTY, wato bai gane umarnin ba. Struct ɗin, wato ƙunshin bayanan da ke bin umarnin, __u32 ne (lamba mai bait 4) da __u64 (mai bait 8), shi ke nan. A i386 (32-bit) bait 12 ne, a x86-64 (64-bit) kwamfaila, mai juya rubutun manhaja zuwa yaren inji, ta cusa cikon bait 4 tsakaninsu ya koma 16. Wannan ciko almubazzaranci ne. Packed zan sa, mai hana kwamfaila yin ciko, in huta.

Badauri: Almubazzaranci? Subhanallahi! Malam, ka san nauyin kalmar nan kuwa?

ƊanƘofarSauri: Abin da aka ware ba a amfana da shi, me za a kira shi?

AntiInjiniya: Ana amfana mana, ƙanena. Lamba mai bait 8 ta fi saurin karantuwa in ta zauna a adireshin da 8 ke rabawa, wasu injinan ma tuntuɓe suke in ta karkace. Kuma _IOW, mai haɗa lambar umarnin ioctl, tana saka girman struct cikin lambar umarnin, shi ya sa 12 da 16 ba su gane juna ba. Bar packed. Ka rubuta cikon __u32 da hannunka, ko ka sa __aligned_u64 mai tilasta zama a adireshin da 8 ke rabawa, sai ka duba da pahole, manhajar da ke nuna giɓin struct. Ka cika struct ɗin da sifili da memset kafin copy_to_user ta miƙa shi ga manhaja, kada sirrin kanel ya bi ta giɓin ya fita.

Badauri: Anti, duk na ji, amma sai ya janye kalmar.

NaRafindadi: Ku mutanen Daura kullum gyaran magana. Da yaren Rust ya rubuta direban maimakon yaren C da ba a zo nan ba.

Badauri: Cire Daura a bakinka. Rust ɗin da sai 2022 ya leƙo Linux 6.1? Shi ma sai ya sa alamar repr(C) kafin tsarin struct ɗinsa ya yi daidai da na C.

NaRafindadi: C tun 1972 take, Yaya, ta tsufa.

Badauri: Tsufa laifi ne? Haka kake gaya wa manyan gidanku?

NaRafindadi: Kada ka sako gidanmu.

ShugabanZaure: Ya isa haka. Na karanta duka. Ɗan'uwanmu na Ƙofar Sauri yana da gaskiya, wurin da aka bari fanko asara ne, kuma Badauri bai kawo hujja ko ɗaya ba sai faɗa. Anti ma ta yi bayani, Allah ya saka. Maganar Rust a bari sai Asabar. Na rufe.