Herbarium: rumbu, kundi ko taska?

Malaman Hausa da masu nazarin tsirrai, a taimaka mu tsayar da kalma ɗaya. Herbarium wuri ne da ake adana tsirran da aka danne, aka busar, aka manna a takarda, kowanne da sunansa da inda aka tsinko shi da ranar da aka tsinko. Masu fassara kowa da tasa: wani ya ce rumbun tsirrai, wani kundin ganyayyaki, wani ya bar ta da Turanci ya yi gaba.

Rumbu dai na cire shi. Abin da ke rumbu ɗibarsa ake yi, a ci ko a shuka, shi kuwa wannan ganye ya riga ya mutu. A bar wa ma'ajiyar iri wannan suna, irin ta Svalbard a Norway da aka buɗe a 2008. Can ya zauna daram.

Kundi ya fi hujja, tarihi ma yana bayansa. Luca Ghini, likitan Italiya da ya kafa lambun nazarin tsirrai na Pisa wajen 1544, shi ake jingina wa wannan dabara. Sanyin Turai yana kashe ganye, ɗalibai kuma dole su ga tsiron da ake koya musu, sai ya riƙa busarwa tsakanin takardu. Da Latin suka kira abin "busasshen lambu", kuma ɗinke takardun suke yi su zama littafi. Na ɗalibinsa Cesalpino, na 1563, yana nan a Florence har yau. Wannan kam kundi ne, ba gardama.

To amma Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Sweden, a ƙarni na 18, ya daina ɗinkin. Kowane tsiro da takardarsa a ware cikin kabad, don in an gano danginsa a matsar da shi kusa da su. Daga nan abin ya fi ƙarfin littafi. Na lambun nazarin tsirrai na Kew a Landan yana riƙe da samfuri kusan miliyan 7. Wa zai kira wannan kundi?

Shi ya sa nake goyon bayan taskar tsirrai. Taska ba ta ɗiba ba ce, ta komawa a duba ce. Aikin ke nan: in masana sun yi saɓani kan sunan wani tsiro, samfurin da aka raɗa sunan a kansa ake zarowa ya raba gardama. Mu ma muna da kaya a irin waɗannan wurare, domin Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa kuma ya wallafa jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tara tsirranmu ya aika Kew.

Wani zai ce a ƙara "busassu" don kada a ɗauka lambu ake nufi. Ban ga dalili ba, ba wanda ke ban ruwa a taska. Kundin tsirrai sai a bar wa ɗan tarin da malami ke sa ɗalibi ya haɗa. Mutanen sashen tsirrai na Zariya, ku da kuke da ita a hannu, me kuke ce mata in kuna hira da Hausa?