Kisra nawa ne a tarihi, kuma wanne ne ya yaga wasiƙar Manzon Allah (SAW)?

Ɗalibin Sira:
Assalamu alaikum, malamai. A karatun Sira muna jin cewa an haifi Annabi (SAW) a zamanin Kisra, sannan Kisra ya yaga wasiƙarsa, kuma a halifancin Sayyidina Umar aka kawo dukiyar Kisra Madina. Shin mutum ɗaya ne ya yi wannan dogon zamani, ko sarakuna ne daban-daban?

Mai Nazarin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba mutum ɗaya ba ne. Asalin sunan shi ne Khusrau, Larabawa suka mayar da shi Kisra, suka riƙa kiran duk wanda ya hau gadon sarautar Farisa da shi, kamar yadda suke ce wa na Rum Ƙaisar. Wanda aka haifi Annabi a zamaninsa shi ne Khusrau na ɗaya, Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, ya gyara tsarin haraji har ya shahara da adalci, kuma rundunarsa ce ta taimaki Saifu bin Zi Yazan wajen korar Habashawa daga Yaman. Wanda sahabi Abdullahi bin Huzafa ya kai wa wasiƙar Annabi har ya yaga ta kuwa jikansa ne, Khusrau na biyu, Farwiz, wanda ya hau mulki a 590. Shi ne ya ƙwace Ƙudus daga hannun Rumawa a 614, ya ci Masar, rinjayen da farkon Suratur Rum ke magana a kai, kafin Hiraƙla, sarkin Rum, ya juyo masa ya karya rundunarsa a Ninawa a 627. A 628 ɗansa Shiruya ya tuɓe shi ya sa aka kashe shi.

Malama Mai Bita:
Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da ya rage a tambayar shi ne na uku: sa'ad da Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya ci Mada'in, babban birnin Farisa, a 637, Yazdajird na uku ne sarki, kuma shi Kisra laƙabinsa ne kawai. Sunan bai mutu da daular ba, domin Amir Khusrau, mawaƙin Delhi da ya rasu a 1325, da Yarima Khusrau, wanda ya yi wa mahaifinsa Jahangir, sarkin daular Mugal ta Indiya, tawaye a 1606, duk sun ɗauke shi.

Ɗan Borgu:
Malamai, a tarihin baka na Borgu, gidajen sarautar Bussa da Nikki da Illo suna danganta asalinsu da wani Kisra da aka ce ya ƙi karɓar Musulunci, ya yi ƙaura daga gabas. A ganina bai kamata a haɗa shi kai tsaye da Farwiz ba, tunda sananne ne cewa a ƙasarsa aka kashe shi.