Yadda kalmar Turanci ke zama a kai

A zaman da wasu malaman Turanci suka yi da ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a daina haddar kalmomi a jere, kalma da ma'anarta, kamar lissafin bashi. Ranar rubuta insha'i babu wadda za ta zo maka. A rubuta kalma tare da jimlar da aka tsince ta a ciki, ko a jarida ko a labaran rediyo.

Wata malama ta dage a kan sanin kalmomin da ke tafiya tare. Mu shan magani muke yi, amma Bature "take" yake cewa, don haka wanda ya rubuta "drink" a kan ƙwaya, jan biro zai sha. Haka "borrow" (karɓar aro) da "lend" (ba da aro): mu "ara" kaɗai ta wadatar da mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa "borrow me your pen" ta cika ajujuwanmu. A ganina wannan ne ya fi komai amfani a zaman.

An ɗan yi saɓani kan ƙamus. Wasu suka ce na Turanci zuwa Hausa ya ishi mai farawa, wasu suka ce da an shiga babbar sakandare a koma na Turanci zalla, mai misalan jimloli. Ƙamus na waya ma ya samu karɓuwa, muddin za a danna a ji furucin, a maimaita da baki.

Batun yawa kuwa, kalma biyar a rana ta isa, a waiwaye su bayan kwana uku, sannan bayan mako guda.