Tafiyar kilomita 800 a babban kogi: kayak ko kwalekwale?

Sabon_Matuƙi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyu ne muke shirin bin babban kogi daga sama zuwa ƙasa, wajen kilomita 800, ba inji, filafili kawai. Kayak biyu (siririn jirgi mai rufi a sama, na mutum ɗaya) ya kamata mu ɗauka ko buɗaɗɗen kwalekwale ɗaya? Kilomita nawa za mu ƙiyasta a yini, kuma me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

MaiFilafili:
Wa alaikumus salam. Ka yi lissafinka da awa tukuna. Jirgin da aka loda wa kaya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa a ruwan da ba ya gudu, sai ka ɗora gudun kogin a kai. Awa shida na tuƙi kan ba ku kilomita 40 zuwa 50. Ka sa 40, kwana 20 ke nan, sannan ka ware kwana ɗaya a kowane biyar saboda iska da hutun jiki.

Iskar nan ita ce babbar abokiyar gaba. Idan ta taso ta gabanku a inda kogi ya buɗe, sai ku ga itacen da ke gaɓa ya ƙi wucewa alhali kuna ta zuba ƙarfi. Yawanci da rana take ƙaruwa, don haka ku shiga ruwa da sassafe. Ko a kogin Yukon na Kanada, tsakanin Whitehorse da Dawson mai kilomita 715, tafkin Laberge ne matuƙa suka fi shakka, kuma iska ce dalili.

Ni kayak zan zaɓa muku: tsawon mita 5 zuwa 5.5, faɗin santimita 55 zuwa 60, mai rufaffun ma'aji gaba da baya. Bai tashi sama sosai daga ruwa ba, iska ba ta samun wurin kamawa.

Bakin_Gaɓa:
A nan na ɗan saɓa da Malam MaiFilafili. Ga sababbin hannu biyu, kwalekwale mai mita 5 ya fi sauƙin lodi da saukewa, kana iya sauya zama, kuma jarkar ruwa mai lita 20 ba ta shiga bakin ma'ajin kayak. Sai dai a kula da lodi: masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, komai a ɗaure. Idan iska ta gaba ce, a ɗan matsar da nauyi gaba don kada goshin jirgin ya yi ta kaucewa.

Abin da ke halaka mutane sau da yawa ba ya kama da haɗari. Ƙaramar madatsa mai ganuwar da ruwa ke malala ta kanta, daga sama layi kawai za ka gani a kwance. A ƙasanta kuwa ruwan juyowa yake yi baya, ya riƙe mutum ko da rigar kariya mai hana nutsewa a jikinsa. Ku fita tun da nisa ku ɗauki jirgin a kai ku zagaye. Haka itacen da ya faɗa ruwa a gefen waje na lanƙwasar kogi, inda ruwa ya fi gudu: ruwan zai bi ta cikin rassan ya wuce, ku kuwa ya manna ku a jikin rassan.

Manyan jiragen dakon kaya ba sa iya tsayawa nan take, kuma matuƙinsu ba ya ganin abin da ke dab da gabansa. Ku bi gefe, in za ku tsallaka hanyarsu ku yanke ta kai tsaye bayan sun wuce, ku tari igiyar ruwan da goshin jirgi. Rigar kariya a jiki take zama duk yini, da usur a maƙale.

Ruwa_Biyu:
Ƙari kan ruwan sha. Lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini in ana zafi, ban da na girki. Ruwan babban kogi laka gare shi, yana toshe matata cikin kwana kaɗan. Ku ɗiba a bokiti da yamma, a sa ɗan alif, ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama a tace ko a tafasa minti ɗaya cur. Busasshen abinci gram 700 zuwa 900 ga mutum a yini.

Wajen kwana kuma, tsibirin yashi daɗi gare shi, amma in akwai dam a sama ana iya sako ruwa cikin dare. Ku kafa sanda a daidai bakin ruwa da kun sauka, ku duba ta kafin barci. Ku ja jirgin sama sosai, ku kuma ɗaure shi, ko da kuna ganin ya yi nisa da ruwa.

Sabon_Matuƙi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hannu fa? An ce kumburin wuyan hannu yana mayar da mutane gida.

MaiFilafili:
Gaskiya ne, kuma damƙe filafili da ƙarfi ke jawo shi. Saki yatsun hannun sama a kowane bugu, ka tuƙa da juyin ƙugu da baya, kada damtse ya ɗauki aikin shi kaɗai. Kwana ukun farko kada ku wuce awa huɗu. Da ka ji wuri ya fara zafi a tafin hannu, manna filasta kafin ya yi bororo. Ku ɗauki filafili na ajiya guda ɗaya, a ɗaure inda hannu zai kai ba tare da kwance kaya ba.